Kurar da Muka Ɗaure a Malafar Alhaji Bawa

Cikin duk ranakun da na yi a aikin tantance littattafan yara, wadda ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da muka je gwajin aji a wata firamare da ke wajen Karaye ta ƙasar Maiyama. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kuna yawan tambayata me ya sa ba na yarda a kayar da littafi don kawai yara sun yi shiru. To, ga dalilin.

Bari in fara da yadda aikin yake, don wanda bai sani ba. Kwamiti ne na mutum uku, mai kula da makarantun Jega da Aliero da Maiyama. In aka kawo littattafan da za a zuba a ɗakunan karatu, kowane littafi sai mutum biyu sun karanta shi, sun dubi harshensa da tarbiyyarsa, da ko ya dace da shekarun masu karatu. In ra'ayi ya saɓa, sai a yi gwajin aji. Wato a karanta wa yara babi ɗaya, mu kuma mu zauna a baya muna kallo. Hamma ɗaya ba laifi ba ce. In ta zaga aji, littafi ya faɗi.

Shugabanmu a lokacin shi ne Alhaji Bawa, tsohon sufeton makarantu, malamin kimiyya tun asali. Mutumin kirki ne, sai dai ya ɗauki ƙarya a cikin littafi kamar tsakuwa a cikin shinkafa. Littafin da ya fi so a duniya wani ɗan kundin waƙoƙin tsafta ne, wanda marubucinsa ya gano cewa sabulu da tulu da Kulu suna amsa amo ɗaya, bai kuma sake barin Kulu ta huta ba har bango na baya. Alhaji ba ya rabuwa da wata tsohuwar malafa, wadda bakinta ya fara warwarewa. Ya ce ta riga wasu hedimastoci shiga aiki.

Ni ne na biyu, malamin Hausa. Ta uku Malama Rabi, ƙaramarmu, wadda take koyar da aji biyar a makarantar da na ambata.

A zango na biyu, lokacin da ake cirar albasa, aka kawo mana kwali guda na littattafan ƙagaggun labarai: masu doki mai magana, masu tafiya ƙarƙashin gulbi, da irinsu. Na saman kwalin labarin wata yarinya ne, Lantana, wadda albasar gonarsu ta yi girma har ta kai rumbu, ta hau ta, albasa ta tashi da ita zuwa ƙasar wani Dodo da ya shanye ruwan gulbi.

Alhaji ya ɗaga shi da yatsa biyu.

"Malam Sani, ka karanta wanga abu?"

"Na karanta, ranka ya daɗe."

"A Aliero, garin albasa, anka haife ni. Da albasa na tashi sama, da ba mu wahalar neman mota zuwa Kudu."

Malama Rabi ta ce ai yara sun san ba gaskiya ba ne, daɗin ke nan. Alhaji ya ce shi bai taɓa jin an yabi abu don ba gaskiya ba ne, sai yau. Aka tsaya a kan gwajin aji, da sharaɗinsa: in na albasa ya faɗi, kwalin gaba ɗaya ya koma inda ya fito, tunda duk uwarsu ɗaya.

Wannan sharaɗi ya tsaya wa Malama Rabi a rai. Ɗakin karatun makarantarta ba shi da komai sai littattafan darasi da Kulu da tulunta. Ta riga ta nuna wa ɗalibanta bangon littafin, ta sa sun share kanta guda sun goge, suna jira. Kullum sai wani ya leƙa ya ga ko kanta ta haihu.

Muka isa da hantsi a tsohuwar motata. Aka ajiye mana benci a bayan aji. Malama ta tsaya gaban allo, ta buɗe littafi. Ba haka marubucin ya fara ba, amma don ta jawo hankalinsu sai ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Babu wanda ya ce ta zo mu ji ta.

Ta maimaita. Yara suka sunkuyar da kai. Biyu a layin gaba suka toshe kunne da yatsu. Wani dogo ya ɗaga hannu ya nemi izinin zagayawa, ya fita, muka hango shi ta taga ya zauna gindin darbejiya, bai zagaya ko'ina ba. Malama ta daure ta karanta shafi guda. Ajin ya yi tsit kamar ana rabon sakamakon jarrabawa.

Alhaji ya karkato gare ni cikin jin daɗi. "Ka gani? Ko hamma bai samu ba."

Malama ta rufe littafin. Ta dubi monitar ajin, wata 'yar siririya mai suna Jummai, wadda kowa ya san ba ta iya ɓoye magana.

"Jummai, me na yi muku? Ba ku kuka share kanta ba?"

Jummai ta miƙe. "Malama, rana ta. Kuma ba a ɗaure kura ba."

Ku 'yan birni da kuka tashi gaban talabijin, sai na yi muku bayani. A wurin kakanninmu, ba a tatsuniya da rana. Wanda ya yi, da wanda ya saurara, zai ɓace a hanya. In ta kama dole, sai a ɗaure kura tukuna, kowane gari da yadda yake ɗaure tasa. A wannan yankin, ana kama silin shuci a jikin jinka a ƙulle, ba a kwancewa sai an kai ƙurunƙus. Da Malama ta fara da karatu kawai, da karatu ne. Da ta ce ga ta nan, ya zama tatsuniya. Yaran nan kuwa da yawansu daga rugage da ƙauyukan gefe suke takowa, ta cikin gonaki. Ɓacewa a wurinsu ba kalmar littafi ba ce.

Alhaji ya miƙe tsaye. Ya ce camfi ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana yaƙi da shi, ba zai zauna a ɗaure dabbar da ba ta nan ba a cikin ginin gwamnati. Gwaji ya ƙare.

Na san abu ɗaya da Alhaji ya fi ƙauna a kan kimiyya, shi ne ƙa'ida. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙa'idarmu ta ce sai yara sun ji babi ɗaya. Wanda ya toshe kunne bai ji ba. In muka yanke hukunci yanzu, mun yanke shi ba gwaji."

Ya dube ni. Sannan ya zauna. "A ɗaure ta. Ku yi sauri."

Nan wata matsala ta taso. Makarantar rufin kwano ce, ba jinka ko ɗaya a harabarta. Wani yaro ya kawo shawarar tsintsiya. Jummai ta ce tsintsiya ba ta taɓa rufe kan kowa ba. Wani ya ce tabarmar hedimasta. Ta ce wannan ta ƙasa ce. Ana cikin haka na ga idanun ajin, ɗaya bayan ɗaya, suna juyowa baya, suna sauka a kan abin da ke bisa gwiwar shugaban kwamiti.

"Baba," in ji Jummai, "ai malafa jinka ta. Ƙarama dai."

Ban san yadda na riƙe fuskata ba. Alhaji ya miƙa malafar kamar mai ba da ɗansa ga wanzami. Jummai ta kama wani sili da ya warware a bakinta, ta ƙulle tam, ta ce, "Na ɗaure kura." Ya karɓa zai mayar bisa gwiwa.

"Baba, jinka ba ta zama ƙasa."

Haka tsohon sufeton makarantu ya zauna a cikin aji, ƙarƙashin rufin kwano, ƙarƙashin jinkarsa. Aka kira na gindin darbejiya ya dawo.

"Ga ta nan, ga ta nanku."

Amsar da suka bayar sai da malamin aji huɗu ya leƙo.

Na zauna a gwaji da yawa, ban ga irin wannan ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, tashin albasa sama bai dami kowa ba. 'Ya'yan manoma ne, abin da suke son sani daban. Wani ya tambayi wane taki aka sa mata. Wata ta ce in Lantana ta riƙe ganyen, zai tsinke, gara ta rungumi wuyan. Sai Jummai ta ce, "Malama, wai fara ta ko ja?"

Malama ta duba, marubucin bai faɗa ba. Daga bayan aji aka ji murya.

"Ja ta. Fara ba ta jure doguwar tahiya."

Duk aka waiwaya. Alhaji ya gyara zaman malafa, ya ce gyaran kimiyya kawai ya yi.

Babin ya ƙare daidai inda Lantana ta tsaya gaban Dodo, ba ta da makami sai 'yar wuƙar yankan kubewa. Aka kaɗa ƙararrawa. Yara suka roƙi a ci gaba. Alhaji ya ce ƙa'ida ta ce babi ɗaya. Malama ta tambayi hukunci, ya ce sai mun koma Jega, kuma kada ta sa rai, don abin da ya gani tasirin camfi ne, ba na littafi ba. A bakin mota ya cire malafa ya kwance ƙullin. Jummai na tsaye a baranda. Ta kama baki.

"Baba, ba a kai ƙurunƙus ba."

"Gaishe da mutanen gida," in ji shi.

Malama Rabi ta shiga baya, tunda sai da ita za a sa hannu a kan hukunci a Jega. Alhaji ya ce kada in bi titi, akwai yanke ta fadama da ya sani tun yana sufeto, ko ido rufe zai kai mu, shi zai nuna mini. Ya kuma karɓi littafin, wai don ya tattara kurakuran da ke ciki.

Muka kama hanya, ya shiga buɗe shafuka. Can ya ce, "Ku ji wani shirme," ya karanta mana sakin layi. Sai ya ce, "Ku ji wani kuma." Daga nan bai ƙara cewa ku ji ba, karatu kawai yake yi, har da sauya murya in Dodo zai yi magana. Ashe Dodon tun da aka haife shi bai taɓa kuka ba, shi ya sa duk ruwan da ya sha yake maƙale a cikinsa. Lantana kuwa ga wuƙa, ga albasa mai girman rumbu.

Muka zo mararraba. "Ranka ya daɗe, dama ko hagu?"

"Miƙe."

"Ba miƙewa, hanya biyu ce."

"To, bi waccan," ya nuna da haɓa, idonsa na kan shafi.

Haka muka yi a mararraba ta gaba, da ta gaba da ita. Hanya ta zama turba, turba ta zama burtali, burtali ya ƙare a gaban garken shanu. Na kashe mota. Wani dattijon Bafillace ya matso, muka gaisa, na tambaye shi hanyar Jega.

Ya dubi motar, ya dube mu. "Jega? Ai kun ba ta baya tun ɗazu. Nan kusa da Sarandosa kuke."

Ya kwatanta mana hanya, muka yi godiya, na juya. Ta madubi na ga Malama Rabi ta cusa bakin mayafinta a baki, tana kallon gonaki da himma, kafaɗunta na girgiza. Ta wutsiyar ido kuma na ga Alhaji ya ɗauko malafa a hankali. Ya lalubi silin nan, ya ƙulle, ya ƙara ƙulli na biyu, ya motsa leɓe, ya mayar da ita ka.

"Bakin na warwarewa," in ji shi, ba tare da an tambaye shi ba.

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Malama, da saura da yawa?"

"Babi ɗaya, Baba."

Ya karanta shi. Lantana ta yanka albasa, Dodo ya yi kukan da ya cika gulbi har ya yi ambaliya, aka yi shekara ana kamun kifi mai ƙanshin miya. Muna shiga Jega ya rufe littafin, ya ce ƙurunƙus a ƙasan maƙoshi, sannan ya kwance malafa.

A ofis ya yanke hukunci a tsaye. "Wanga littafi ƙarya na tun daga bango har bango. A kai musu. Da sauran kwalin."

Ni malamin makaranta ne, na san abin da ya ɓatar da mu: mai nuna hanya ne ya sa kai cikin littafi. Ban taɓa cewa kura ce ba. Amma tun ranar na daina yi wa tsofaffi dariya a kan maganar nan, don na ga labari ya ɓatar da mutum da rana tsaka, a hanyar da ya ce ya sani ido rufe. Littafin yara da ba zai iya haka ba, ban ga amfanin ɗora shi a kanta ba. Na kuma koyi cewa in aji ya yi shiru, a tambayi yaran dalili kafin a ɗauki alƙalami.

Da na koma makarantar a zango na uku, kantar ta cika. A samanta Malama Rabi ta rataye ɗan damin shuci da ƙusa. Na nemi sili ɗaya da zan ƙulle kafin in buɗe littafi, ban samu wanda ba a riga ni ba.