Hitar da muka tarar a gidan Takur

Shekarun baya, lokacin da aka ƙirƙiro jihar Jigawa aka kwaso mu ma'aikata daga Kano zuwa Dutse, na kama haya a Takur. A falon gidan akwai wata doguwar hitar ɗumama ɗaki, an ɗaure ta da kusoshi a gindin bango. Mai gidan ya ce wanda ya zauna kafin mu ne ya sa wa tsohuwarsa saboda ciwon ƙafa, kuma hitar ta daɗe da lalacewa. Ba mu taɓa kula ta ba.

Da 'yarmu ta fara rarrafe, sai ta mayar da wajen wurin wasanta, tana cusa yatsu cikin ramukan ƙarfen. Matata ta ce, "Malam, don Allah a kira mai gyara ya cire abin nan." Na ce wannan ɗan aikin har sai an kira wani? Ni da na yi kimiyya a sakandare.

Ranar Asabar da hantsi na kashe babban makunnin gidan, na zare fis. Fanka ta tsaya, rediyo ya yi shiru. Na kwance kusoshin, na janyo hitar, wayoyi suka bayyana daga cikin bango. Na ɗauko tsohuwar filaya wadda robar hannunta ta zube, ƙafata ba takalmi, simintin ma bai gama bushewa daga gugar safe ba.

Ina shirin datsewa sai maƙwabcinmu ya yi sallama. Dattijo ne ɗan Miga, mai aikin wuta, ya biyo mini mu tafi ɗaurin aure.

"Dakata," in ji shi. "Ka gwada wayar?"

"Baba, ai na kashe wutar gidan gaba ɗaya."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

Ya ciro testa daga aljihu ya ɗora a kan wayar. Fitilar testar ta kama ja, alamar akwai wuta.

Filayar ta suɓuce daga hannuna. Na bi bango na zauna.

Ya hau cikin silin da tocila. Ashe wanda ya haɗa hitar ya janyo mata wuta ne tun kafin mita, makunnin gidan bai san da zamanta ba. Ya cire wayar daga tushe, ya sake gwadawa, sannan ya zare ta. Ya nuna mana inda robarta ta tsage, saura ƙiris ta taɓa jikin ƙarfen da yarinyar take kamawa kullum.

Matata ta ɗauki 'yar ta goya. Ba ta sauke ta ba sai la'asar. Da faɗa ta yi mini, da ya fi sauƙi.

Tun ranar, ko soket ba na kwancewa, kuma na daina cewa na tabbata a kan abin da ban gwada ba. Yarinyar yanzu da 'ya'yanta. Na taɓa ba ta labarin ta yi ta dariya. Ni har yau ban kai ga dariyar ba.