Makaniken da Ya Ƙi Gyara Babur Sai Mai Shi Ya Hau

Ban yi karatu mai nisa ba, kuma bakina bai saba da yabo ba, 'ya'yana ma shaida ne. Amma yabon gwani ya zama dole. Ni kafinta ne, rumfata na jingine da ta tsohon makaniken da layinmu ke kira Mai Fulogi, tun gemunmu na baƙi har ga shi ya yi fari fat. Yanzu da gwiwa ta ce masa ya isa, ya miƙa wa ƙaninsa rumfar, na ce ba zan bari ya tashi shiru ba.

Kullum da hantsi yakan share gaban rumfa, ya shimfiɗa buhu, ya jera sifana da fulaya da sukundireba, kowanne da mazauninsa. Tsofaffin babura ne abokan hirarsa, irin waɗanda ake turo su maimakon a hau su. In an kawo masa wanda ya ƙi tashi, ba ya rawar jiki. Sai ya leƙa tanki tukuna, don ya sha ganin ƙato ya turo babur yana gumi alhali mai ne babu. Sannan ya kwance fulogi, ya ɗora shi a jikin inji, ya cire hularsa ya yi masa inuwa, ya ce wa mai babur, "Buga kik." In tartsatsi ya fito shuɗi, wuta lafiya lau, a nemi ciwon a wani wuri. In ja ne, wutar ta raunana. In babu ko ƙyalli, sai ya bi waya taƙi bayan taƙi, daga kan fulogi zuwa kwayil mai tura masa wuta, daga kwayil zuwa makunni, har ya iske inda ta katse. Bai taɓa sa mutum sayen sabon abu don kawai ya gaji da nema ba. Yakan ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Ƙarfe ma haka."

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya wuce iya hannu.

Akwai wani saurayi mai kai burodi shaguna. Babur ɗin da gidan burodin duka na surukinsa ne, uban matarsa. Kwatsam babur ya tsiri wani hali: in aka yi nisa, rana ta yi zafi, sai ya mutu murus. Saurayin ya yi ta buga kik har cinya ta sage, burodi na gumi a leda, masu shago na jira. Kafin ya turo shi gida injin ya huce. Surukin ya buga sau ɗaya, babur ya tashi kamar sabo. Tun ana kallon saurayin da wutsiyar ido har maganar ta fito fili: wai ƙarya yake, wani wurin yake zuwa ya shantake. Surukin ya ce zai karɓi makulli, matar kuma ta fara tambayar inda mijinta ke yini. Shi kuwa, ina bakin musu da suruki?

Ya zo rumfar Mai Fulogi ido ya yi ja.

"Baba, wallahi ba ƙarya nake ba."

"Wa ya tambaye ka rantsuwa? Yaushe yake mutuwa, da sanyi ko da zafi?"

"Da zafi, Baba."

"In ya huce fa?"

"Sai ya tashi ya kunyata ni."

Tsohon ya gwada wuta, ga ta shuɗiya. Ya bar injin ya yi ta kuka har ya ɗau zafi, ya sake dubawa, ta koma ja tana shirin ɗaukewa. Ya taɓa kwayil ya janye hannu. Ya riga ya gane: kwayil ne ya tsufa, in ya yi zafi sai ya riƙe wuta. Aiki ne da zai gama kafin shayinsa ya huce, akwai ma wani kwayil ɗin rataye a ƙusa. Ya dube shi, ya dubi saurayin, sai ya mayar da sifana kan buhu.

"Ba zan gyara ba."

"Haba Baba!"

"In na gyara yau, babur ya warke, kai kuma ka tabbata maƙaryaci har jikokinka. Za a ce tsoron ƙwace makulli ne ya sa ka shiryu. Je ka ce wa surukinka ina gaishe shi, kuma ba na taɓa babur sai mai shi na nan."

Surukin ya zo yana hura hanci, mutum ne mai jiki, ga tumbi.

"Malam, ni fa ina da aiki. Lafiyar babur ɗin nan ƙalau, direban ne ba shi da lafiya."

"To ai shi ke nan, Alhaji. Hau ka ɗauke ni, mu bi hanyar da yake bi. In mun dawo lafiya, ni da kaina zan taya ka zaginsa."

Duk layin muka fito kallo. Tsoho da ciwon gwiwa ya haye baya, ya rungume tumbin Alhaji, mai facin taya na layinmu yana yi musu kirari. Abin da ya biyo baya Alhajin ne ya ba mu labari da bakinsa, don haka ba ƙari. Sun wuce ƙarshen gari, sun fara hawan tudu, babur ya yi tari ya mutu. Alhaji ya buga, ya buga, ya buga, har takalminsa ya fice. Mai Fulogi na zaune a gindin bishiya. Sai da ya ga gumi ya jiƙa rigar mutumin sannan ya taso, ya kwance fulogi, ya yi masa inuwa.

"Buga, ka kuma duba da idonka. Ka ga wuta?"

"Babu."

"To mu zauna."

Suka zauna har ƙarfe ya huce. Aka buga, ga tartsatsi. Alhaji ya dubi fulogin nan, ya ce a hankali, "Kullum haka yaron nan yake turo shi daga nan?"

"Da burodinka a baya."

Gani ya kori ji. Da suka dawo, a gabanmu Alhaji ya kama hannun mijin 'yarsa ya ce, "Ɗana, na zalunce ka, ka yafe mini." Saurayin ya durƙusa, kunya ta hana shi ɗaga kai. Sai a lokacin tsohon ya sauko da kwayil daga ƙusa, yana mita wai an ɓata masa yini.

Kai ne wannan, maƙwabcina. Kai ne ka san cewa babur ƙarfe ne, in ya mutu a tashe shi, amma mutuncin mutum in ya faɗi ba a sayen sabo a shago. Kai ne ka ɗauki gwiwar da ko tsugunno ba ta so, ka kai ta bayan gari saboda ɗan wani. Gagara gaggawa, mai bin waya har gidanta! Mun sha faɗa da kai a kan ƙurar katakona da baƙin manka, kuma har gobe ni ke da gaskiya, amma wannan kam na sallama maka.

Ku kuma masu tasowa, da makanikai da waɗanda ba makanikai ba, ku buɗe kunne. Kowa na iya ɗaure ƙusa. Kafin ku ce mutum ya yi ƙarya, ku hau abin da ya hau, ku je inda ya je, rana ta dake ku yadda ta dake shi.

Mun gode, Mai Fulogi. Allah ya ba gwiwa lafiya, ya sa ka huta da hannunka cikin alheri. Saurayin nan yau shi ke riƙe da gidan burodin gaba ɗaya, kuma in ya ce abu ya faru, surukinsa ba ya tambaya sau biyu.