Ranar da Muka Yi Daɓen Soron Tsibiri

Ranar wata Asabar, a bazarar shekarar da na shiga aji huɗu, na ga abin da ban taɓa gani ba a bakin kogin Wudil. Tsofaffin matan unguwarmu, waɗanda ko biki sai an lallaɓa su suke zuwa, sun cika kwale-kwale, kowacce da madaɓinta na katako a cinya. Kakata Inna Ladi tana gaba, tana yi wa mai tuƙi faɗa ya daina girgiza su. Ni kuwa an cusa ni a tsakiya da tulu, sai murna nake kamar ranar Salla.

Tsibirin da ke tsakiyar kogi muka nufa, inda tsohon gidan kakanninmu masunta yake. Tun kafin a haife ni ambaliya ta koro mutanen gidan zuwa gari, aka bar soron da tsofaffin komayen kamun kifi, da goruna, da ganguna, da hotuna cikin adaka, gara tana ci. Mu yara, wurin wasanmu ne idan ruwa ya janye. Mu tsallaka, mu tone dankalin mutane mu gasa, mu yi 'yar gala-gala a tsakar gida, jemagu suna shawagi a kanmu. Sai ga wata malamar jami'a, Malama Binta, ta zo ta ga gidan, ta yi ta faɗi-tashi har wata ƙungiya daga ƙasar waje ta ɗauki nauyin gyara shi yadda yake tun asali. Magina suka sake azara, suka yaɓe bango da jar ƙasa. Saura ƙasan soro. A nan aka tsaya, domin babu matashiyar da ta iya daɓe, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma da kogi ya cika aiki ya tsaya sai baɗi. Babana ya ce a zuba siminti kowa ya huta. Inna Ladi ta dube shi ta ce, "A ɗakin da na haife ka? Ina raye ba za a yi ba." Gida-gida ta bi tana tattaro ƙawayenta.

Aikinmu mu 'yan mata shi ne ɗebo ruwa da jiƙa makuba, ɓawon ɗorawar nan da ke rina hannu ya yi ja. Aka baza ƙasa da tsakuwa, tsofaffi suka durƙusa a jere suka fara duka. Da farko abin ya ƙi. Wannan ta buga, waccan ta makara, wata ta ce bayanta, wata ta ce gwiwa. Babana yana bakin ƙofa yana kallon sama. Inna ta ajiye madaɓi ta ce, "Daɓe ba ya kama ƙasa sai da waƙa." Ta ɗauko wata waƙa da muryarta mai rawa, ta tsaya a tsakiya ta manta, wata ta ƙarasa mata, sai duka suka amsa. Nan take madaɓai suka haɗu suka zama sauti ɗaya, soron yana amsawa har cikin ƙirjina. Malama Binta ta ruga ta ɗauko rikodarta, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Da hannun Inna ya gaji sai ta miƙo mini madaɓinta, ta ce in bi waƙa kada in bi hannuna. Na yi ta duka ina amshi har tafin hannuna ya yi kanta, ban ji ba. Muna yayyafa makubar ƙarshe iska ta taso, ruwan farko ya sauko. Babana da kansa ya riƙa goya tsofaffin zuwa kwale-kwale, suna dariya suna ce masa mai siminti.

Yanzu gidan yana nan, kayan kakanni a jere, ɗalibai suna tsallakawa su gani su saurari waƙoƙin da aka adana. Matan nan duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙan su. Nawa gidan tayil ne ko'ina, 'ya'yana suna gogewa da tsumma kowa ya yi shiru da wayarsa a aljihu. Idan na kai su tsibiri nakan sa su cire takalmi su taka daɓen, su ce sanyi gare shi. Ni har yau ɗumin hannuwa nake ji.