Malam Awaisu da Ɗorawar Mudi

Shekara goma sha ɗaya ke nan Malam Awaisu yana kula da na'urar da mutanen jami'a suka kafa a gefen gonarsa, bayan garin Tsiga. Da malamin firamare ne. Da ya yi ritaya aka ce ba ya kuskuren lamba, sai aka danƙa masa ita. Aikinta bin rana da ido, tana auna hayaƙi da laimar da ke cikin iska. Nasa kuwa goge gilashinta kowace safiya, da korar tsuntsaye, da gaya wa masu wucewa cewa a'a, ba ta san ranar saukar ruwa ba.

Bana, bayan girbin masara, wata injiniya mai suna Modupe, haifaffiyar Funtuwa, ta zo gano iyakar abin da idon na'urar ke gani. Yini biyu suna tsaye cikin rana. Tana karkata ta kaɗan-kaɗan, tana faɗin lamba yana rubutawa, har inda hasken ya ɗauke. Da ta saukar da ita wajen gabas sai ta juyo ta dubi Awaisu.

"Baba, ɗorawar can ta wane ne?"

"Ta Mudi ce, maƙwabcina."

"Ta yi girma ta shigo mata ido. Awon safe na shekara uku, duk ganye ta yi ta kallo."

Awaisu ya zauna a kan kunya, ya cire hula. Shekara ukun nan ko zazzaɓi bai hana shi sammako ba.

Da la'asar ya sami Mudi yana ɗaure kara. Mudi ya saurare shi har ƙarshe.

"Haba Malam. Kalwar nan da ita maiɗakina ke daddawa. In sare reshe don ƙarfe ya ga sama?"

Awaisu bai ja ba. Da shi ne ma haka zai ce.

Sai aka mayar da na'urar kan tankin ruwan makarantar da ya koyar, inda ba abin da ke tare ta. Tsanin tankin matakala goma sha huɗu ne, gwiwoyinsa kuma sun daɗe suna ƙara. Modupe ta ce za a nemi wani, ya ce a bari tukuna.

Yanzu a ta bakwai yake hutawa, tsumma a kafaɗa, ya jira numfashinsa ya dawo, sannan ya ci gaba.