Jakunkunan Iska a Motar Baffa

Baffana, yayan mahaifina, albasa yake sayarwa a Kasuwar Shasha tun kafin a haife ni. Shekarar da wannan abu ya faru ya sayi a-kori-kura ta hannu, fara, ya kuma sa wani mai walda a Mokola ya ƙera masa 'yar tirela mai taya biyu da zai riƙa ja a bayanta, don ya daina jiran direbobi idan zai kai wa masu gidajen abinci kaya cikin gari. Ni kuwa ina da ɗan gareji a bakin Sabo, unguwar Hausawa, rumfar kwano da rami ɗaya. A nan Ibadan aka haife ni, a nan na yi makarantar koyon sana'a, kuma a hannun wani Bayarabe na ƙware a aikin ƙasan mota.

Wata Asabar da hantsi Baffa ya kawo motar da tirelar a jone. Bayanta ya durƙusa har taya na neman gogar bodi, gabanta ya ɗaga sama.

"Injiniya, dubi abin da take mini," in ji shi. "Sitiyari sai rawa yake a hannuna. Ka ƙara mata sifirin."

Na ce masa akwai abin da ya fi ƙarin sifirin. Jakunkunan roba ne masu kauri, guda biyu, ana ɗaura su tsakanin shasi da ƙarfen tayoyin baya, a hura musu iska idan an yi lodi, a rage idan an sauke. Ban taɓa saka wa kowa ba, amma na yi karatu a kansu sosai, kuma na daɗe ina son wanda zai ba ni dama. Ya ce in yi yadda na ga ya dace.

Sai da aka yi mako biyu kafin su iso daga Legas. Ranar da na saka su, yini guda na yi a ƙarƙashin motar. Na ɗaga ta, na cire tayoyin baya, na kwance tsofaffin robobin da ke hana ƙarfe dukan ƙarfe. Wani noti ya yi tsatsa ya ƙi juyawa, sai da na gasa shi da wuta. Na daidaita ƙarafunan da za su riƙe jakunkunan, na auna sau uku kafin in huda. Tiyon iskar na bi da shi nesa da salansa don kada zafi ya narka shi, na fito da bawul biyu kusa da lambar motar. Daga ƙarshe na shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, na zauna ina kallo ko kumfa zai tashi. Bai tashi ba.

Baffa yana kan benci yana cin goro. Muka jona tirelar, na ba jakunkunan iska, bayan motar ya riƙa tasowa a hankali har ya daidaita da gaba. Ya miƙe ya zagaya ta sau biyu yana dariya. Ban taɓa ganin ya yi alfahari da ni irin na ranar ba.

Na goge hannuna na ce, "Baffa, magana ɗaya. Wannan abu daidaita ta kawai yake yi. Bai ƙara mata ƙarfi ba. Birkinta na da ne, shasinta na da ne. Kayan da take ɗauka jiya, su za ta ɗauka gobe."

"Na ji, na ji."

"Da can idan kaya sun yi yawa tana durƙusawa, kana gani. Yanzu ba za ta nuna maka ba."

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Ya shiga ya ja ya tafi.

Ba a yi wata biyu ba na gan shi ya wuce ta gaban gareji, buhuna sun haura kan motar, tirelar ma an cika ta an ɗaure da igiya. Mota tana tafe a miƙe abinta. Washegari na je har rumfarsa a Shasha na sake faɗa masa. A gaban abokan kasuwarsa ne, kuma na ga bai ji daɗi ba. Ya ce tun ina cikin zane yake lodin albasa. Na dawo na gaya wa mahaifina, ya ce zai yi masa magana. Ban san ko ya yi ba.

Ranar wata Talata bayan azahar aka kira ni a waya. Baffa yana gangarowa daga tudun Mokola birki ya ƙi kamawa, tirelar ta ingiza motar, ta juya ta, ta haɗa ta da bangon wani shago. Allah ya tsare babu wanda ke wurin. Shi Baffa ya karye a ƙugu.

Asibiti na fara zuwa. Ban samu ganinsa ba, amma a baranda na ji abin da ya faɗa wa waɗanda suka ciro shi: wai ya ji ƙara a baya, balan-balan ɗin da na saka masa ya fashe, daga nan mota ta ƙwace masa. Kafin la'asar maganar ta riga ni isa Sabo.

Na wuce inda motar take. Albasa ta watse har cikin kwata, mutane na tsinta. Na kwanta a kwalta na leƙa ƙasa. Jakunkunan nan biyu suna nan a kumbure yadda na bar su. Na sa ma'aunin iska a kowane bawul, babu wanda ya ragu. Birkin baya kuwa ya ƙone, har lokacin ana jin ƙaurinsa. Na ɗauki hotuna da wayata.

Bayan sallar magariba na nuna wa mahaifina. Ya sa tabarau ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya miƙo mini wayar.

"Na gani," ya ce.

"To Baba, sai a faɗa wa mutane."

"A faɗa musu me? Cewa yayana ƙarya yake yi, yana kwance bai san ko zai sake takawa ba?"

"Sunana ne ke lalacewa, Baba."

"Kai yaro ne, sunanka zai dawo. Shi nasa ba zai dawo ba." Sannan ya ce, "Idan an sallamo shi za mu je tare ka ba shi haƙuri."

Na ce ba zan iya ba. Ya ce bai tambaye ni ko zan iya ba.

Ranar da muka je, zauren Baffa cike yake da masu dubiya, yawancinsu mutanen Shasha da dattawan unguwa. Yana kishingiɗe a kan katifa, ya rame. Na durƙusa a gabansa na ce, "Baffa, ka yafe mini." Iyakar abin da na iya fitarwa ke nan. Bai dube ni ba. Ya ce wa jama'a, "Ɗana ne, ba da gangan ya yi ba. Yaran yanzu ne da son gwada abin da suka gani a waya." Aka yi ta yaba masa haƙuri. Wani dattijo ya yi mini nasiha mai tsawo a kan rawar kai, ina durƙushe ina cewa to.

Daga nan aiki ya ja baya. Mutanen unguwa da suka saba kawo mini motocinsu suka koma wasu wurare. Matata tana soya cincin da dubulan a gida, kuma matan da ke zuwa saye sukan yi mata jaje da irin muryar da ta fi zagi ciwo. Wata rana ta ce mini, "Maigida, ka tura wa mutum ɗaya hotunan nan mana, sauran za su gani." Na ce Baba ya hana. Ta ci gaba da murza ƙullunta, ba ta sake ta da maganar ba. Yarabawan da suka san aikina ne suka riƙe ni, har daga baya na tashi da garejin zuwa wajen Akinyele, inda ba wanda ya san labarin.

Mahaifina ya rasu bayan shekara biyu. Ban taɓa jin ya wanke ni a gaban kowa ba, ko a cikin gida.

Bara wani mai sayar da tattasai ya zo sabon garejin da a-kori-kurarsa, ya ce jakunkunan iska yake so. Na tambaye shi wa ya turo shi, don ba na tallar wannan aiki.

"Baffanka mana," in ji shi. "Ya ce duk garin nan ba wanda ya iya saka su kamarka. Ya ce dai in kula da lodi, wai ba sa ƙara wa mota ƙarfi."

Na ce ya dawo jibi. Bayan ya tafi na kasa taɓa komai, na rufe gareji tun kafin azahar.

Ranar Juma'a na je gaishe da Baffa. Yana zaune a ƙofar gida da sandarsa a gefe. Na zauna kusa da shi, mu biyu kaɗai, na ce mutuminsa ya zo. Ya ce madalla, mutumin kirki ne, in yi masa aiki mai kyau. Na jira ko zai ta da maganar hatsarin. Ya tambaye ni lafiyar yara, ya yi ƙorafin tsadar man fetur, ya ce albasar bana duk ruwa ce. Da aka kira la'asar ya miƙo mini hannu, na tayar da shi, na raka shi har ƙofar masallaci.