Zufa Ba Kitse Ba Ce

A gidan motsa jikin da ke saman shagon tayoyi, Malam Bincike ake ce masa, kuma ba yabo ba ne. Shekara tara yana horar da mutane a wurin, tun da ciwon baya ya raba shi da ɗaga ƙarfe. Ciwon ne ya sa shi karatu. Duk rahoton masana da ya samu a waya sai ya bi shi layi-layi, yana motsa baki.

Al'adar gidan kuwa, Allah ya sawwaƙe. A naɗe ciki da leda, a rufe tagogi, a kashe fanka, a hana shan ruwa. Awa guda ana tsalle, sannan a hau sikeli, mai gidan yana tafi yana cewa kilo guda ya narke. Ledojin nan ko wankewa ba a yi. A ƙusa ake rataye su suna ɗiga, gobe wani ya ɗaura, wari kamar an jiƙa tsohon takalmi. Malam Bincike ya faɗa har bakinsa ya gaji: zufa ruwa ce, da ka sha ruwa kilon ya dawo.

"Takarda ba ta rage tumbi," in ji mai gidan. "Sikeli mutane suke so su gani."

Ya yi ta haɗiyewa, don 'ya'ya uku ba sa cin gaskiya su ƙoshi. Sai ran nan ya shigo ya tarar da yayarsa, wadda ta rene shi, mai fama da hawan jini, a naɗe cikin leda, ta dafa bango, leɓɓanta sun bushe. Ransa ya ɓaci. Ya bankaɗe tagogi, ya sa almakashi ya yanke ledar, ya ɗura mata ruwa a gaban kowa. Kafin azahar an sallame shi.

Bai yi nadama ba. Kullum da safe ya riƙa zagaya filin makaranta da ita, rabin awa, gorar ruwa a hannu, sannan ta zauna a kujera ta miƙe sau goma, yadda masanan suka rubuta. Bayan wata uku ma'aikaciyar asibiti ta auna ta, ta sake aunawa, ta ce jinin ya sauka sosai. Saura kaɗan Malam Bincike ya yi hawaye don murna.

A bakin ƙofa yayar ta jawo hannunsa, ta ɗan ɗaga gefen rigarta. Leda ce, baƙa, ta manne da fata, tana tsami.

"Auta, kada ka ji haushi," ta ce. "Tafiyar da muke yi da safe ma ta taimaka, amma wannan ce ta yi aikin. Mai gidan motsa jikin ne ya aiko min da ita, bawan Allah."

"Yaya, wata ukun nan duka?"

"Kullum. Har na tura masa maƙwabtana uku, duk masu hawan jini ne."