Gidan Rediyon Mushe Girema a Gindin Bedi

Kun dai san Mushe Girema bai taɓa fara magana bai hura makirfo ba. Ko gaisuwa zai yi sai ya ce "fu, fu, ana ji na?" Shi ne bakin sandika, wato ƙungiyar ƙwadagon malaman lakwal, na boko ke nan, a Gure, ni ɗan ƙanensa ni ke ɗaukar masa lasifika.

Maƙo kuwa, wayyo! In pil, wato batirin lasifika, ya mutu, sai ya shanya shi a rana. Na ce, "Baba, ya ƙare fa." Ya ce, "Kai ne likitansa? Suma ya yi."

Ƙungiyar masu yaɗa labaran sandika ta kira shi taron horo a Damagaram. Aka raba huluna, aka ce a yi murmushi za a ɗau hoto. Ya ce, "Malamaina na Bune ba su ci ba, in yi wa wa haƙora?" A hoton shi kaɗai ya juya ƙeya.

Abin da ya cinye shi filinsa ne na Alhamis a rediyo. Ya faɗi yadda malamai 'yan kwantaragi ke kwana da yunwa, aka rufe filin. Ya kira shugaban ƙungiyar nan ta masu yaɗa labarai a waya, wai ai don irin wannan rana aka kafa ta. Shugaba ya ce, "Kamarad, muna tare da kai." Baba ya waiga hagu da dama ya ce, "A ina? Ni dai akuya nake gani."

Kun zaci ya daina? Ina! Kowace Alhamis sai ya zauna gindin itacen bedin tasha da lasifikarsa, ya yi shirinsa cif, har da "masu sauraronmu na Gidigir, barkanku." Direbobi suna dariya, ni ina jin kamar in nutse. Yakan ce, "Ƙungiya za ta sa a buɗe, ka ga kada murya ta yi tsatsa." Haka ya yi ta jira har ciwo ya kwantar da shi.

Da ya rasu, sai ga 'yan ƙungiyar a mota mai sanyi, da kyamara. Shugaba ya ja ni gefe: "Ɗana, ba mu muryarsa mu sa a shafinmu." Wallahi raina ya ɓaci. Na ce, "Ranka ya daɗe, rediyo ta goge. Wadda ta rage a tasha yake yin ta, ba ku zo ba."

Allah Ya jiƙanka, Baba. Wanda ba a rufe wa bawa fili a wurinSa, Ya saurare ka da rahama.